Katin Hoto na Kwamfuta da Matsalar Zafi: Darasi Daga Kunnen Giwa

Gabatarwa

A bazarar da ta wuce wani tsohon ɗalibina, wanda yake koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a Sanyinna, cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal, ya zo mini da tambaya. Iyayen yara sun yi karo-karo sun sayi kwamfuta guda, kuma an sami ragowar kuɗi da za a ƙara mata katin hoto, domin ɗalibai su riƙa ganin surar zuciya ko ta ƙwayar halitta tana juyawa a kan allo kamar a tafin hannu. Wani ya ba shi shawarar ya nemi kati marar fanka, wai ba ya ƙara, kuma ƙura ba ta da abin da za ta kashe a jikinsa. Kuɗin kuwa ba su kai a yi saye sau biyu ba. Ya ce, "Malam, wanne zan saya?"

Mai karatu zai yi mamakin abin da ya haɗa malamin ilimin halittu da kayan kwamfuta. Abin da ya haɗa mu shi ne zafi. Matsalar da ke damun katin hoto ita ce ke damun giwa da kare da ɗan Adam a ƙasa irin tamu, wato yadda za a fitar da zafin da ake haifarwa a ciki zuwa waje, alhali wajen ma da zafinsa.

Mene ne katin hoto?

Hoton da muke gani a allon kwamfuta ɗigo-ɗigo ne. Allo na yau da kullum yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600, kuma ana sake lissafa launin kowanne sau 60 a daƙiƙa guda. Babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar 'yan ƙwararrun malamai ce, ba su da yawa amma suna warware kowace mas'ala mai wuya. Katin hoto kuwa kamar gayya yake a gona: dubban manoma, kowa da kunyarsa, aikin ba wuya amma ana yin sa a lokaci guda. A tsakiyar katin akwai wata ƙwaya ta silikon wadda ake kira GPU, sunan da kamfanin Nvidia na Amurka ya yayata a shekarar 1999 da katinsa GeForce 256. A cikin ƙwayar katin RTX 4060 na shekarar 2023 akwai irin waɗannan "manoma" 3,072.

Ya kamata a sani tun daga farko cewa ba kowace kwamfuta ke bukatar wannan kati ba. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma wannan ya sa makarantu da yawa neman na'urori. Amma koyon jarrabawa da buga takardu da kallon darasi, ƙaramin sashen hoto da ke cikin yawancin ƙwaƙwalen kwamfuta ya ishe su. Ana neman kati na daban ne idan za a juya surori masu kauri da zurfi, ko zana taswira, ko tace bidiyo.

Kowane wat zafi ne

Ana auna cin wutar kati da wat. Doka ce ta kimiyya cewa makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Saboda haka kusan duk wutar da kati ya ci, zafi take komawa. Wanda ya taɓa kama tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 bayan ya jima a kunne ya san abin da ake nufi.

To, bari mu kwatanta da jikinmu. Baligi yana zaune ba ya komai, jikinsa na fitar da zafi kimanin wat 80 zuwa 100. Wannan zafi yana fita ta fatar da faɗinta ya kai kusan murabba'in santimita 18,000. Ƙwayar katin hoto matsakaici tana fitar da zafi kwatankwacin haka, amma faɗinta bai wuce murabba'in santimita 3 ba, wato kamar farcen babban yatsa. Ka ɗauki zafin mutum guda ka cusa shi a kan farce. Idan ba a kwashe shi nan take ba, ƙwayar za ta wuce zafin tafasar ruwa cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Masu ƙera kati sun sa masa dabarar kare kai. Idan zafinsa ya doshi digiri 85 zuwa 90 a ma'aunin Salsiyos, sai ya rage saurinsa da kansa, kamar yadda ƙadangare ke barin kan dutse ya shige inuwa da tsakar rana. Katin ba zai ƙone ba, amma saurin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi.

Yadda dabbobi ke yi

Dabbobi suna da manyan dabaru uku, kuma duka ukun muna samun su a cikin kwamfuta.

Ta farko ita ce faɗaɗa jiki. Giwar Afirka, irin wadda ake gani a dajin Yankari, tana da babban jiki, fatarta kuwa ta yi kaɗan idan aka gwada da nauyinta. Sai aka ba ta kunnuwa kamar faifai, cike da jijiyoyin jini. Jini mai ɗumi yana zuwa kunne, ya huce, ya koma. Haka ma yanyawa, ƙaramar dilar hamada, kunnuwanta sun fi ƙarfin kanta. Wani masani Ba'amurke, Joel Allen, ya lura tun 1877 cewa dabbobin ƙasashe masu zafi sun fi danginsu na ƙasashen sanyi dogayen kunnuwa da ƙafafu.

Ta biyu ita ce motsa iska. Iska ba ta iya ɗaukar zafi sosai idan tana tsaye. Jan ƙarfe ya fi ta saurin wuce da zafi sau kimanin 15,000. Iskar da ta manne a jikin abu mai zafi sai ta zama masa bargo. Shi ya sa giwa ke kaɗa kunne, mu kuma muke ɗaukar mafici.

Ta uku ita ce tururin ruwa. Gram guda na ruwa, idan ya zama tururi, yana tafiya da zafi fiye da jul 2,200. Gumin mutum da hakin kare duk a kan wannan suka dogara. Haka randar ƙasa take sanyaya ruwa, kuma a kan wannan ne Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya, mai adana kayan miya ba da lantarki ba, wadda ta samo masa kyautar Rolex a shekarar 2000.

Masanyayin kati

Idan aka buɗe katin hoto za a ga ƙarfe mai haƙora jere kamar mataji, na alminiyam, wato sanholo. Wannan shi ne kunnen giwa: aikinsa mayar da farce guda ya zama dubban murabba'in santimita. Tsakaninsa da ƙwayar akwai wani mai mai kauri da ake shafawa, domin kada iska ta maƙale a tsakani. Akwai kuma bututun jan ƙarfe biyu ko fiye da suka ratsa haƙoran. Kowane bututu a toshe yake, an zuƙe iskar cikinsa, an bar ɗan ruwa kaɗan. Ruwan yana zama tururi a wajen ƙwayar, ya ruga zuwa ɓangare mai sanyi, ya koma ruwa, sa'an nan ya tsatso ya dawo ta bangon bututun kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Wato gumi ne wanda ba ya ƙarewa. George Grover ne ya inganta wannan dabara a Los Alamos ta Amurka a 1963. Daga ƙarshe sai fanka, wadda ke yin aikin mafici.

Masanyayi marar fanka ya ajiye dabara ta biyu, ya dogara ga sauran. Abin da ke motsa masa iska kawai shi ne halinta na tashi sama idan ta yi ɗumi, kamar hayaƙin murhu. Don haka dole ya zama babba, haƙoransa kuma da tazara, domin iska mai tafiyar hawainiya ta sami hanya. Amfaninsa a fili yake: ba ƙara, ba abin da ke juyawa balle ya lalace. Amma yana da iyaka. Katunan jerin KalmX da kamfanin Palit ya fitar ba fanka sun tsaya ne a wat 75 ko ƙasa: GTX 1050 Ti da GTX 1650 masu wat 75, da RTX 3050 mai gigabait 6 na shekarar 2024 mai wat 70.

Lissafin Sanyinna

Ga inda ƙasarmu ta shigo cikin magana. Tun 1701 Isaac Newton ya nuna cewa saurin hucewar abu ya danganta ga bambancin zafinsa da na iskar da ke kewaye da shi. Galibi ana gwada waɗannan katuna a ɗaki mai zafin digiri 22 ko kusa da haka. Idan ƙwayar ta tsaya a 85, bambancin 63 ne. A Sanyinna ko Kebbe, a watan Afrilu, zafin rana kan haura 40, kuma aji mai rufin kwano ba ya rasa 42. Bambancin ya koma 43. Raba 43 da 63, za ka sami kusan kashi biyu cikin uku. Ma'ana, masanyayin da ke iya kwashe wat 75 a Turai, a ajinmu da bazara abin da zai kwashe bai wuce wat 51 ba. Wannan ma idan an ɗauka iskar cikin akwatin kwamfutar daidai take da ta ɗaki, alhali kullum ta fi ta zafi.

Ga kuma ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Gaskiya ne tana cinye fanka, amma ba ta ƙyale mataji ba. Tana kwanciya a kan haƙoransa ta zama masa mayafi, kamar a sa wa giwa hular sanyi.

Wane kati za a zaɓa?

Katunan da ake kira matsakaita sun fi ƙarfin masanyayi marar fanka a nan. RTX 3060 na 2021 yana cin wat 170, RX 6600 na kamfanin AMD wat 132, RX 7600 wat 165, RTX 4060 wat 115, RTX 5060 na 2025 kuma wat 145. Mai saye ya dubi abubuwa huɗu.

Na ɗaya, wat. Ramin da ake soka kati a babban allon kwamfuta yana ba da wat 75 kawai. Katin da ya wuce haka yana bukatar waya ta musamman daga akwatin wuta, wadda yawancin kwamfutocin ofis ba su da ita. Ga mai amfani da hasken rana kuwa, lissafin ya fi tsanani. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, idan na ruwa ne, rabin abin da ke cikinsa ake so a sha, wato kamar wat 1,200 na awa guda. Kati mai wat 170 zai cinye 850 cikin awa biyar na aiki mai nauyi, mai wat 70 kuwa 350.

Na biyu, ma'ajiyar katin. Gigabait 6 ya isa aikin aji, 8 ya fi kwanciyar hankali ga mai tace bidiyo.

Na uku, girma. A auna cikin akwati kafin a tafi kasuwa, domin kati marar fanka ya fi na kullum tsayi da kauri.

Na huɗu, asali. Bayan da aka daina haƙar kuɗin Ethereum da katin hoto a Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin kayan hannu na duniya. Kada a biya kuɗi sai an kunna kati, an ba shi aiki mai nauyi na rabin awa, ana duban zafinsa a allo.

Akwai masu cire masanyayin kati su ɗaura wani marar fanka, irin Accelero S1 da kamfanin Arctic ya yi suna da shi a shekarun 2000. Ban ba makaranta wannan shawara ba. Sai ramukan kusoshi sun dace, sai an manna wa ma'ajiya da sassan daidaita wuta nasu ƙananan matazai, kuma garantin kamfani kan faɗi.

Abin da na gaya wa ɗalibina shi ne ya sayi kati mai wat 70. Idan ya sami marar fanka, to ya ɗaura wa akwatin fanka guda babba mai faɗin milimita 120, mai juyawa a hankali. Ƙararta ba ta kai a ji ba, tana da araha, kuma idan ƙura ta kashe ta ana sauya ta cikin minti biyar. Wanda aikinsa ya bukaci matsakaicin kati na sosai, ya haƙura da fanka. Yawancin na yanzu fankarsu tana tsayawa cik idan aiki ba nauyi, sai zafi ya kai wajen digiri 50 zuwa 60 take tashi. A ɗaga kwamfuta daga ƙasa, a nisanta ta da bango da taga, a lulluɓe ta idan an kashe, a kuma hure ƙurarta kowane wata a lokacin hunturu.

Gwaji domin aji

Malami ya sami kofi uku da faranti ɗaya da ma'aunin zafi. A zuba ruwan ɗumi daidai wa daida a dukkansu. Kofi na farko a bar shi haka, na biyu a riƙa yi masa fifita, na uku a naɗe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle, na faranti kuma a bar shi a shimfiɗe. A auna kowanne duk minti biyu har minti ashirin, ɗalibai su zana sakamakon a takardar giraf. A yi gwajin da hunturu, a ajiye takardun, a maimaita shi da bazara.

Kammalawa

Duk uwar da ta taɓa juye kunu a faranti tana hurawa domin yaro mai kuka ta riga ta san faɗaɗa fili da motsa iska da tururi. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne awo da lissafi. Takardar da ke cikin kwalin kati an rubuta ta ne domin ɗaki mai digiri 22. Ɗalibin da ya fahimci wannan darasi zai karanta ta, ya dubi ma'aunin zafin da ke rataye a bangon ajinsu, ya yi nasa lissafin kafin a taɓa kuɗin iyaye.