Nau'o'in wakilci a dillancin gidaje a Amurka

Wakilci a dillancin gidaje shi ne dangantakar da doka ta amince da ita tsakanin dillali mai lasisi da mutumin da yake yi wa aiki wajen saye ko sayar da gida ko fili. A Amurka kowace jiha ce ke tsara tata dokar, saboda haka ƙa'idojin sukan bambanta daga jiha zuwa jiha. Nau'in wakilcin ne ke nuna wanda dillali yake riƙe wa amana, kuma ba lallai ne ya zama wanda ya biya la'ada ba.

Nauyin da ke kan wakili

Idan dillali ya zama wakilin mutum, dole ne ya fifita maslahar mutumin a kan tasa, ya bi umarninsa matuƙar bai saɓa wa doka ba, ya rufa masa asiri, ya sanar da shi duk abin da zai shafi cinikin, sannan ya ba da lissafin kuɗin da aka damƙa masa. Ɗaya ɓangaren kuwa, haƙƙinsa a kan dillalin bai wuce gaskiya da adalci ba: ba za a yi masa ƙarya ba, ba kuma za a ɓoye masa wani babban aibi da aka san gidan yana da shi ba.

Wakilin mai sayarwa

Wannan shi ne nau'in da aka fi sani. Mai gida yakan sa hannu a yarjejeniya da kamfanin dillanci, kamfanin ya tallata gidan, ya nemo masa farashi mafi tsoka.

Kafin shekarun 1990, dillalin da ke zagayawa da mai saye yana nuna masa gidaje shi ma yawanci ƙaramin wakilin mai sayarwa ne a idon doka, ko da bai taɓa haɗuwa da mai gidan ba. Tsarin yana da haɗari ga mai saye. Idan ya taya gida dala 200,000 amma ya faɗa wa dillalin cewa zai iya kaiwa 220,000, wajibi ne a kan dillalin ya kai wannan magana ga mai gida. Wani rahoto da Hukumar Kula da Ciniki ta Tarayya, wato FTC, ta fitar a 1983 ya nuna cewa mafi yawan masu saye sun ɗauka su dillalin yake wakilta. Daga baya jihohi suka yi dokokin da ke tilasta wa dillali ya bayyana ɓangaren da yake yi wa aiki, galibi a rubuce.

Wakilin mai saye

Shi wannan yana tsayawa ne a ɓangaren mai saye kaɗai. Yana iya gaya masa cewa an tsauwala kuɗin gidan, ya kuma ba shi shawarar yadda zai taya. Shekaru da dama ana biyansa ne daga la'adar da mai sayarwa ya bayar, abin da ya jawo ƙararraki a kotu. A watan Maris na 2024 ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa, NAR, ta amince ta biya dala miliyan 418 don sasanta ƙararrakin. Tun daga 17 ga Agusta na wannan shekarar, dillalan da ke amfani da rumbun tallan gidaje na MLS sai sun ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da mai saye, wadda ta fayyace ladansu, kafin su kai shi duba gida.

Wakilcin ɓangare biyu

Yana faruwa ne idan dillali ɗaya, ko kamfani ɗaya, ya wakilci mai saye da mai sayarwa a ciniki guda. Inda doka ta yarda da shi, sai an sanar da ɓangarorin biyu sun amince. Matsalarsa a fili take: mutum ɗaya ba zai iya neman ƙarin kuɗi wa wannan, ya kuma nemi ragi wa wancan ba, don haka kowannensu yakan rasa shawarar da ya fi buƙata, alhali la'adar duka tana tafiya wuri guda. Wasu jihohin sun sassauta abin ta hanyar barin kamfani ya ware ma'aikata biyu, kowanne da nasa ɓangaren, ba tare da sun yi musayar sirri ba.

Dillalin tsakani

Jihohin Florida da Colorado sun haramta wakilcin ɓangare biyu. A can, idan ba a ƙulla yarjejeniyar wakilci a rubuce ba, ana ɗaukar dillali a matsayin mai taimaka wa ciniki kawai. Yana shirya takardu, yana isar da tayi, amma ba ya ɗauke da cikakkiyar amanar kowa. Duk da haka dokar Florida ta hana shi faɗa wa mai saye cewa mai gida zai karɓi ƙasa da kuɗin da ya sa, ko faɗa wa mai gida cewa mai saye zai iya ƙarawa, sai da izinin mai maganar a rubuce.