Ganyen Mangwaro A Cikin Bandeji

Duk wanda ya yi jinyar gyambon mai ciwon suga ya san bandeji rufi ne kawai, ba ya warkarwa. Shi ya sa masana ke neman bandejin da zai ɗauki magani a jikinsa, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan a kan miki. Wahalar tana wajen shigar da maganin. In an jiƙa auduga a ruwan sinadari, dole a busar da ita, zafin busarwa kuwa yakan kashe amfanin tsiro, ga ragowar sinadarin da kan maƙale ya ƙara wa rauni zogi.

Nan aka waiwayi iskar kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa da numfashi. Idan zafinta ya wuce digiri 31 a ma'aunin Salshiyas, matsinta kuma ya haura ninki 73 na matsin iskar sarari, sai ta shiga wani hali, ita ba ruwa ba, ita ba iska ba. Tana narkar da abu kamar ruwa, tana kuma kutsawa ƙananan kafofi kamar iska. Da ita ake cire kafeyin daga gahawa tun shekarun 1970, bayan binciken Kurt Zosel a Jamus.

Ana rufe bandejin tare da abin da aka tatso daga tsiro a tukunyar ƙarfe mai kauri, a tura iskar. Ita za ta kwashi sinadaran, ta kumbura zaren, ta kai su can ciki. Da an sassauta matsi a hankali, iskar ta fice, magani ya zauna, bandeji kuma a bushe. A Jami'ar Kadis ta Sifaniya an gwada da ganyen mangwaro, a Jami'ar Belgired ta Sabiya kuma an ɗora wa auduga taimol, sinadarin tsiro mai kashe ƙwayoyin cuta.

Sai dai iskar ta fi son sinadarai masu maiƙo. Wasu sai an haɗa mata da ɗan itanol kafin ta ɗauke su. Na'urar kuma tsada gare ta. Uwa-uba, yawancin nasarar a ɗakin gwaji aka same ta, kan ƙwayoyin cuta a faranti, ba a ƙafar majinyaci ba.

Don haka kada mai karatu ya ji an ambaci mangwaro ya daka ganye ya manna wa gyambo. Mikin da ya ƙi warkewa a kai shi asibiti.