Nottingham: Birnin da ke cajin kuɗin wurin ajiye mota don rage hayaƙi

A birnin Nottingham da ke tsakiyar Ingila, duk kamfani ko ofishin da ya tanadar wa ma'aikatansa wurin ajiye mota 11 ko fiye da haka, sai ya biya majalisar birnin haraji a kan kowane wuri, duk shekara. An fara karɓar kuɗin a watan Afrilun 2012, a kan fam 288 kowane wuri, kuma tun daga nan farashin ke ƙaruwa. Nottingham ce ta fara yin haka a faɗin Birtaniya.

A lokacin, 'yan kasuwa sun yi ta ƙorafi cewa kamfanoni za su tattara nasu ya nasu su bar garin. Wasu kamfanonin kuwa ɗora wa ma'aikatansu kuɗin suka yi. Amma yau wannan harajin shi ne ƙashin bayan shirin birnin na rage hayaƙin kabon, wato iskar da ke fita idan an ƙona fetur, dizal, gas ko kwal, wadda ke ɗumama duniya.

A watan Janairun 2019 ne majalisar ta ɗauki alƙawarin cewa nan da 2028, hayaƙin da birnin ke fitarwa ba zai wuce wanda ake iya shanyewa ba, ta hanyar dashen itatuwa da makamantansu. Gwamnatin Birtaniya kanta 2050 ta sa wa ƙasar. Ke nan birni mai mutum kusan 320,000 ya ce zai riga ƙasarsa da shekara 22.

Matsalar ita ce ƙarfin majalisa bai taka kara ya karya ba. Kwamitin da ke bai wa gwamnatin Birtaniya shawara kan sauyin yanayi ya ce a 2020, hayaƙin da ke fitowa kai tsaye daga gine-gine da motocin majalisu bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na hayaƙin yankunansu ba. Sauran yana fitowa ne daga gidajen jama'a, motocinsu da masana'antu. Ko majalisa ta sa wa duk ofisoshinta sola, aikin da saura. Dole sai ta sauya yadda mutane ke zuwa aiki da yadda suke ɗumama ɗakunansu.

Nan ne harajin ajiye mota ya yi rana. Dokar sufuri ta 2000 ta ce kuɗin da aka tara ta wannan hanya a harkar sufuri kaɗai za a kashe shi. Da shi aka taimaka wajen tsawaita layin jirgin ƙasa na cikin gari mai aiki da lantarki, wanda ya fara aiki a 2004. A 2015 aka buɗe sababbin layuka zuwa Clifton da Beeston, tsawon layin gaba ɗaya ya kai kilomita 32. An gyara babbar tashar jirgin ƙasa, an kuma sayo bas-bas masu lantarki. Mai shiga gari da motarsa yana biya, wanda ya bar tasa a gida yana samun abin hawa mai kyau.

Kamfanin bas na birnin, wanda majalisar ke da mafi yawan hannun jari a cikinsa, yana da manyan bas masu hawa biyu fiye da 100 da ke aiki da gas ɗin da ake samu daga ragowar abinci da bahaya. Abin da ake gudu saboda wari, shi ke kai mutane aiki da safe.

Gidaje ne suka fi wuya. A ƙasar da sanyi ke ratsa ƙashi wata da watanni, yawancin gidaje da gas ake ɗumama su, kuma tsofaffin gine-gine ba sa riƙe ɗumi. A 2017 aka gwada wata dabara daga Holan a gidaje 10 na unguwar Sneinton: ana ƙera sabon bango da rufi a masana'anta, a zo a lulluɓe tsohon gidan da su, a ɗora sola a sama, mazauna gidan ko tashi ba sa yi. Gidajen sun yi ɗumi. Sai dai aikin na cin kuɗi sosai, kuma gidajen da ke jira dubbai ne.

Akwai kuma tashar Eastcroft, inda ake ƙona shara tun shekarun 1970 a tura zafin ta bututu zuwa gidaje kusan 5,000. Masu suka na cewa ƙona shara, musamman roba, shi ma hayaƙi ne, kuma gaskiya suka faɗa.

Sai batun aljihu. A 2015 majalisar ta kafa kamfanin sayar da wuta da gas nata, Robin Hood Energy, da niyyar sauƙaƙa wa talaka. Kamfanin ya durƙushe a 2020, ya bar asarar da aka ƙiyasta ta kai fam miliyan 38. A watan Nuwamban 2023 majalisar ta sanar a hukumance cewa ba za ta iya daidaita kasafin kuɗinta ba, da giɓin fam miliyan 23. A Fabrairun 2024 gwamnati ta turo jami'an da za su sa ido kan yadda take kashe kuɗi.

Majalisar da ke faman biyan kuɗin kula da tsofaffi da yaran da ke hannun hukuma ba ta da rarar da za ta sake wa dubban gidaje bango. Kuɗin ajiye mota kuwa doka ta killace shi, ba a iya ɗibarsa a toshe wani giɓi, don haka jirage da bas-bas na ci gaba da samun rabonsu. Gyaran gidaje ba shi da irin wannan asusun, sai abin da gwamnatin ƙasa da ke Landan ta ware a shirye-shiryen tallafinta, wanda majalisu ke gogayyar nema.