Darasin Tsafta a Wayar Sabon Ma'aikaci

Kafin a kira assalatu, gidajen burodin Suleja sun daɗe da hura wuta. Gari na wayewa motoci sun yi lodi, wasu su nufi kasuwar IBB, wasu su bi ta Madalla da Zuba su shiga Abuja. Haka ma gidajen fiyawata. Hannun da ya kwaɓa fulawar, ko ya cusa ruwan a jaka, sau da yawa na yaro ne da aka ɗauka aiki makon jiya, kuma iyakar horon da ya samu shi ne oga ya ce masa, "Ka riƙa kallon yadda suke yi."

Kallo ba ya nuna ƙwayar cuta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya ce mutum miliyan 600 ne ke kwanciya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su rasu. A Afirka kaɗai ana rasa 137,000. A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, akasari a Arewa.

Manyan kamfanoni suna horar da sababbin ma'aikata ta intanet, bisa tsarin HACCP da aka ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1960 domin abincin 'yan sama jannati. Tsarin bai da wuyar ganewa: a gano wuraren da haɗari zai iya shiga abinci, a tsare su tun kafin kaya su fita. Sai dai darasin da aka shirya wa mai kwamfuta da dogon Turanci ba zai yi wa yaron gidan burodi amfani ba. Na Suleja dole ya shiga ƙaramar waya, ya ci data kaɗan, ya buɗe ko babu sabis, kuma ya zo da murya, domin ba kowa ke karatun boko ba. Hausa ce za ta fi ɗaukar jama'a, amma garin na da Gwari da Koro da Nufawa da 'yan Kudu, don haka a tanadi na buroka.

Bidiyon minti uku da aka tura ta WhatsApp, a kan abu ɗaya tak, ya isa darasin yini. Misali wankin hannu. A ɗauke shi a bakin famfon gidan da yaron zai yi aiki, da irin sabulun da ke wurin. A nuna an cire zobe da agogo, an cuɗa tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na daƙiƙa 20 aƙalla, sannan a nuna kuskuren da ya fi yawa: mutum ya gama wankewa tsaf, ya goge a jikin wandonsa. Gobe sai a zo kan hula da takunkumi. Jibi a yi bayanin dalilin da ya sa NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta haramta sa sinadarin buromet a burodi duk da yana kumbura shi: ana danganta shi da ciwon daji da cutar ƙoda. Ɗan gidan fiyawata kuma a koya masa wanke tanki, da lokacin canza matata, da tsayar da inji nan take idan fitilar kashe ƙwayoyin cuta ta mutu. Ita kanta wayar, a bar ta a waje, don tana shiga bayan gida tare da mai ita.

Jarrabawa kuwa a bakin aiki ya kamata a yi ta. Amsa tambayoyi goma a waya ba ta nuna an iya ba. Babban ma'aikaci ya tsaya a kan yaro har ya gani da idonsa.

Darasi mafi nauyi na oga ne. Kowane horo yana cewa mai gudawa ko amai, ko mai gyambo a hannu, kada ya taɓa abinci. Amma wanda ake biya kullum-kullum ya san idan ya faɗa, kuɗin ranar sun tafi, sai ya yi shiru ya shiga kwaɓi. Don haka mai shirya horon ya fara zama da mai gida, a yi yarjejeniya cewa wanda ya faɗi ciwonsa za a mayar da shi lodi ko shara, ko a ba shi hutu ba tare da an yanke masa kuɗi ba, kuma a sa muryar mai gidan yana faɗin haka a bidiyon farko.