Zuwa Biki a Gungu: Nazari a kan Matsayin Baƙon Aure a Tsibiran Ƙasar Yauri

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan hotunan wani irin biki sun yawaita a wayoyin samarinmu. Za a ga ango da amarya tsaye a kan rairayin bakin teku a Zanzibar ko Sishel, abokai kewaye da su. Kowane baƙo shi ya biya kuɗin jirginsa da na masaukinsa, idan kuma an gama shagali sai ya ƙara kwana uku ko huɗu yana hutawa. Wani ɗalibi ya taɓa tambayata a aji ko Hausa tana da sunan irin wannan tafiya, wadda ta haɗa zuwa biki da hutu. Na ce masa ba ta da shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalili. Za mu ɗauki misali daga inda biki a tsibiri ya daɗe da zama abin yau da kullum, wato gungunan kogin Kwara, ko Neja, a ƙasar Shanga da Yauri da Ngaski ta Jihar Kebbi.

2.0 Ƙasar da mutanenta

Yauri na cikin ƙasashen da tarihin baka ya lissafa a Banza Bakwai. Hedkwatar masarautar a yau ita ce Yelwa, a gaɓar gabas ta kogi, tsohuwar fadar kuwa tana Birnin Yauri. Kogin yana da faɗi a wannan yanki, ya kuma rarrabu ya bar tsibirai masu yawa a tsakiyarsa. Ta nan Mungo Park ya wuce kafin ya halaka a Busa a 1806, 'yan'uwan nan biyu Richard da John Lander kuma sun sauka Yauri a 1830.

Mutanen da Hausawa ke kira Gungawa su ne suka fi shahara da zaman waɗannan tsibirai. Harshensu Reshe ne, daga rukunin harsunan Kainji, sun kuma yi suna wajen noman albasa da su da kokawa. A arewa da su akwai Shangawa, waɗanda harshensu na asali daga zuriyar Mande yake, ɗan'uwan Kyanga da Busa. Akwai kuma Sarkawa masunta, da Kambari da Lopawa a gaɓoɓi. P.G. Harris ya yi rubutu a kan waɗannan al'ummomi a 1930. Daga bisani Frank Salamone, a 1975, ya nuna yadda Gungawa da dama ke rikiɗa su zama Hausawa ta hanyar Musulunci da harshe da auratayya. A yau Hausa ce harshen kasuwa da masallaci, kuma da ita ake ɗaura mafi yawan aure a yankin.

3.0 Kalmomin ruwa

A daidaitacciyar Hausa “tsibiri” ake cewa, amma mutumin Yauri “gungu” zai ce. Kalmar tana nan da wannan ma'ana a harshen Zabarmanci, kamar yadda ake gani a sunan Lete Gungu, tsibirin da Nijar da Benin suka yi jayayya a kansa har Kotun Duniya ta ba Nijar shi a 2005. Wato ke nan kalmar ta biyo kogi ne, tare da masu jirgi. Sunan “Gungawa” kansa ba ya nuna asali, mazauni kawai yake nunawa: mutanen gungu.

Kalma ta biyu ita ce “fito”, ma'ana ƙetarar da mutane ko kaya a jirgi. Daga gare ta aka sami “ɗan fito” da “kuɗin fito”. Abin lura shi ne, kalmar ba ta ɗauke da ma'anar nishaɗi ko kaɗan. Fito aiki ne, mai lada, mai haɗari, shi ya sa garuruwan bakin kogi suke da sarautu irin su Sarkin Ruwa da Sarkin Jirgi. Wanda ya shiga kwalekwale zuwa biki ya san ya sa ransa a hannun wani.

4.0 Biki da hutu a tunanin Bahaushe

Hausa ba ta rasa kalmomin shaƙatawa ba. Akwai “hutu”, da “shan iska”, da “yawon buɗe ido”. Dukansu sun yi tarayya a abu guda: mutum yana yin su ne don kansa, a lokacin da ya ga dama, in ya bari kuma babu mai tuhumarsa. “Zuwa biki” ba haka yake ba. Kalmar “biki” tana nufin taron, tana kuma nufin gudummawar da ake kaiwa, wadda ake sa ran ramawa. Littafin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta fitar a 1954, ya nuna yadda mata ke riƙe lissafin wannan musaya tsakaninsu da ƙawayensu. Saboda haka ne ake cewa biki bashi ne.

Idan kuwa bashi ne, to ba ya haɗuwa da hutu a kalma ɗaya, domin mai biyan bashi ba a ce yana shan iska. Bugu da ƙari, a bikin bakin teku na zamani ango da amarya da 'yan biki duk baƙi ne, ma'aikatan otal ke yi musu hidima. A gungu kuwa wurin biki gidan iyayen amarya ne, ba a zaɓe shi don kyan gani ba. Akwai mai gida, akwai baƙo, kowa da haƙƙinsa.

5.0 Abokin ango a kan ruwa

Na taɓa raka wani abokin karatuna ɗaurin aurensa a wani gungu na ƙasar Shanga, a cikin hunturu. Matakan auren duk waɗanda muka sani ne a ƙasar Hausa: lefe, sa lalle, ɗaurin aure da waliyyi da wakili da shaidu, rabon goro, kai amarya, sayen baki. Abin da ya bambanta shi ne kowane mataki sai da ya jira jirgi.

Da fari, lokaci ba na agogo ba ne. An sa ɗaurin aure bayan sallar Azahar, amma aka ce mana mu iso mashiga da hantsi, domin ba a san sawu nawa jirgin zai yi ba. Na biyu, tsarin shiga jirgi shi ne tsarin girma. Dattawa da malamai suka fara, sannan wakilin ango da huhun goro, mu abokai muka zo a sawun ƙarshe. Da na yi gaggawar sa ƙafa, sai wani dattijo ya riƙe mini hannu ya ce, “Yaro, dakata. Jirgi ba ya son mai sauri.” Na ce, “To, Baba,” na koma baya.

Na uku, masauki. A gungu babu gidan haya, sai aka raba mu gidajen dangin amarya, aka kawo mana tuwon shinkafa da kifi. Wanda ya ba ka tabarma yau ya zama mai masaukinka, ranar da ya zo birni asibiti ko neman makaranta wa ɗansa, ƙofarka zai nufa. Ta haka baƙon kwana biyu kan tashi da zumuncin da zai bi shi shekaru.

Na huɗu, kai amarya. A birni da mota ake yi, a nan kuwa da jirgi, tare da gado da katifa da kwanukan jere da kayan gara. Aikinmu abokan ango shi ne dakon kaya daga gida zuwa bakin ruwa, da biyan kuɗin fito, da tsayawa a ɗaya gaɓar har jirgin amarya ya iso. Kyan wurin ba a magana: farin rairayi, tsuntsayen ruwa, fadamun albasa kore shar. Sai dai ban ga wanda ya zauna kallonsu ba sai bayan an sauke amarya lafiya.

6.0 Abin da tafkin Kainji ya sauya

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Tafkin da ya taru a bayanta ya haura kilomita 130 a tsawo, ya kai har kusa da Yelwa. Ya cinye tsohon garin Busa da babban tsibirin Foge da gungunan da ke kudu, aka kuma sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni. Dangin da a da suke kallon juna ta ƙetaren ɗan rafi sai suka wayi gari wasu a gabas wasu a yamma, da ruwa mai faɗi a tsakani. Bashin biki bai ragu ba, hanyar biyansa ce ta ƙara tsawo.

Haka kuma kogin yana cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa na damina, daga ruwan saman yankin nan, akwai kuma baƙin ruwa wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya daɗe a fadamun Masina ta Mali, ya iso nan a cikin hunturu. Wannan cika ta biyu ta zo daidai da bayan kaka, lokacin da manomi ke da abin hannu, aure ke yawaita. Kwalekwalen filafili ya ba da wuri ga babban jirgin katako mai inji, wanda ke ɗaukar mutane da yawa a sawu ɗaya, a kan ruwan da har yanzu akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashinsa.

Sakamakon wannan ba ɓoyayye ba ne. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ya tarwatse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, aka tsamo gawawwaki fiye da 70. A watan Yuni 2023 kuma, can ƙasa a yankin Patigi na ƙasar Nupe, mutane fiye da 100 suka rasu a kan wannan kogi da dare, suna dawowa daga bikin aure. A nan al'ada da haɗari suka haɗu. Kunya ba ta barin mai jirgi ya ce wa dangin amarya “jirgi ya cika”, ga kuma sabon kai amarya bayan faɗuwar rana, wanda ya dace da tudu amma bai dace da ruwa ba.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa rashin kalmar da za ta haɗa biki da hutu ba gibi ba ne a harshe, hoton tunanin masu harshen ne. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. A ƙasar Yauri ƙafar nan jirgi ce, kuma mai zuwa biki yana biyan haƙƙi ne da kuɗinsa da ƙarfinsa, wani lokaci har da ransa.

Abu biyu suka rage. Na farko ya shafi malamai da sarakunan ruwa da iyayen biki: a sa kuɗin sawu na biyu da rigunan kariya daga nutsewa a cikin lissafin aure, kamar yadda ake sa goro, a kuma kai amarya tun da sauran rana. Na biyu ya shafe mu, manazarta. Sunayen sassan jirgi, da kirarin 'yan fito, da waƙoƙin rakiyar amarya a harsunan Reshe da Shanga suna bakin tsofaffi ne, jikokinsu kuwa Hausa suke yi. Ya kamata ɗalibanmu masu neman digiri na biyu da na uku su ƙetara su ɗauko su tun masu su suna raye.