Yadda Honda Ta Mayar Da Tankin Mai Ƙarƙashin Kujerun Gaba

A yawancin ƙananan motoci, tankin mai yana ƙarƙashin kujerar baya. A 2001 Honda ta sauya tsarin a motar Fit, wadda ake kira Jazz a Turai: ta shimfiɗa tankin a ƙarƙashin kujerun gaba. Sai kujerun baya suka samu wurin kwanciya, but ya ƙara zurfi.

Amma injiniyoyi ne suka tsara haka tun daga zanen motar, ba aikin mai walda ba ne. Tankin Ford Pinto yana tsakanin tayoyin baya da bamba, yakan fashe ya kama da wuta idan an daki motar ta baya. A 1978 Ford ta janye motoci kimanin miliyan 1.5 domin gyara.