Wa ke raba izini a SharePoint ɗin ofishinku?

Ma'aikata biyu, ofis ɗaya. Wannan ya danna fayil ɗin albashi ya buɗe, wancan ya danna kwamfuta ta ce ba shi da izini. Abin da ya bambanta su shi ne shaidun da ke tare da kowannensu lokacin da ya shiga.

Kamfanin Microsoft ya shigo da wannan tsari na shaidu ne a SharePoint 2010, a na 2013 kuma ya zama shi ne na yau da kullum. Da zarar mutum ya shiga, ana haɗa masa wani kati na cikin kwamfuta mai ɗauke da sunansa da imel ɗinsa da rukunin da yake ciki. SharePoint kamar maigadi yake, katin kawai yake dubawa.

Sau da yawa katin ba ya wadatarwa, sai ma'aikata ta ɗauko mai rubuta manhaja ya rubuta wani ƙari da harshen C#, a dasa a sabar ofis. Ƙarin kan leƙa rumbun bayanan ma'aikata ya ƙara shaida, misali "wannan ɗan sashen kuɗi ne". Shi ne kuma ke tantance sunaye a akwatin da ake zaɓen wanda za a ba izini. Wannan aikin na biyu ba ƙarami ba ne. Idan ta hanyar ADFS, wato manhajar tantance masu shiga, ake shiga kuma babu ƙarin, akwatin yana karɓar duk abin da aka rubuta. Sakatariya ta kuskure harafi ɗaya a imel, akwatin ya amsa, izini ya tafi ga wanda babu shi, mai haƙƙi kuwa yana ta buga waya.

Amma ƙarin da kansa abin lura ne. Da cikakken iko yake aiki a sabar, kuma duk mai shiga sai ya bi ta kansa. Kuskure ɗaya a ciki na iya mayar da kowa ɗan sashen kuɗi, ko ya rufe wa kowa ƙofa. Microsoft ba ya gyara abin da ba shi ya rubuta ba. SharePoint Online ma ba ya karɓar irin wannan ƙari, ga shi tallafin SharePoint 2016 da 2019 iyakarsa 14 ga Yuli, 2026.

Shugaban ofis, kira masu kula da kwamfutocinku a wannan makon. Wa ya rubuta ƙarin, ina asalin rubutun yake, an gwada shi a sabar gwaji kafin a dasa? Wanda aka canja wa sashe bara, har yanzu yana ganin fayilolin tsohon sashensa?